Yadda Muka Hau Raƙuman Ruwa a Busua

Mu mutanen tudu ne. Babban ruwan da yaranmu suka sani kafin wannan tafiya shi ne kududdufan da masu haƙar kuza suka bari a kewayen Jos, su ma mun hana su kusantarsu. Saboda haka da wani ɗan'uwanmu mai aiki a Takoradi ya gayyace mu hutun Kirsimati na 2023 a ƙasar Gana, abu na fari da muka gargaɗi yaran nan 3 shi ne, teku ta kallo ce, ba ta shiga ba.

Mun bi hanyar gaɓa, daga Ikko zuwa Kwatano, da Lome, da Ankara, har Takoradi, garin da aka buɗe tashar jiragen ruwansa a 1928. Ba mu yi baƙunci sosai ba, gama a zango da kasuwa mun iske masu jin Hausa tuli. Da safe koko da ƙosai, da rana kuwa wani abinci da suke kira wace, wanda ba kome ba ne illa shinkafa da wake, sunan ma daga Hausa ya fito. Bayan kwana 2 mai masaukinmu ya ce zai kai mu Busua, wani ƙaramin garin masunta na Ahantawa, kamar kilomita 30 yamma da Takoradi. Ana ratsewa daga babban titi a Agona Nkwanta, a gangara kudu ta cikin gonakin kwakwar manja da roba.

Tun ba mu ga tekun ba muka ji rurinta. Da muka fito bakin gaɓa sai kowa ya yi shiru. Ga farin rairayi miƙe, ga itatuwan kwakwa, ga manyan kwalekwale masu fenti launi launi, da yawa an rubuta musu sunan Allah ko lambar wata aya a jiki. Can tsakiyar ruwa akwai wani ɗan tsibiri na duwatsu, ana ce da shi Abokwa. Amma abin da ya ɗauke hankalin yaranmu dabam ne. Samarin garin ne, har da 'yammata, suke kwance a kan dogayen alluna cikin ruwa. In raƙumin ruwa ya taso sai mutum ya tuƙa da hannu, ya zabura ya miƙe tsaye, ruwan ya ɗauko shi a guje zuwa gaɓa kamar mai sukuwa ranar salla.

Dā mun zaci wasan Turawa ne. Ashe ba haka ba ne. Mutanen tsibiran Hawai ne suka shahara da shi tun zamanin dā, wani gwanin iyo nasu kuma mai suna Duke Kahanamoku, wanda ya ci lambar zinariya a wasannin Olimfik na 1912, shi ya yayata shi a Amurka da Ostireliya. Amma a wannan gaɓa tamu ma yaran masunta sun daɗe suna yi. A 1834 wani Baturen Birtaniya mai suna James Alexander ya rubuta cewa ya ga yara a Ankara suna kwanciya a kan 'yan katakai, ruwa yana koro su zuwa tudu. An shigar da wasan cikin Olimfik a Tokyo a 2021.

Yaran suka dame mu da roƙo. Muka ce a'a. Uwargida ta tuna musu da labarin 'yan ruwa da kakarsu takan bayar, maigida kuwa ya ce kuɗin banza ne. Mai masaukinmu ya saurara, sa'an nan ya ce, “Yaya, kwana 5 za ku yi a nan. Idonku ba zai tsare su dare da rana ba. In za su shiga, gara su shiga da malami.” Maganar ta tsaya mana a rai. Kashegari muka je ɗaya daga cikin 'yan makarantun koyon wasan da ke bakin gaɓa, muka biya wa yara, maigida ma ya ce ba za a bar shi a baya ba.

Malamin saurayi ne ɗan garin, ɗan masunci. Ya iya 'yar Hausar kasuwa, sauran kuwa da Turanci muka yi. Bai bar kowa ya taɓa ruwa ba sai da muka yi wajen minti 30 a kan rairayi. Allon 'yan koyo na soso ne mai tauri, tsawonsa ƙafa 8 ko 9, a ƙarƙashinsa akwai 'yan fikafikai kamar na kifi domin kada ya karkace. Akwai igiya da ake ɗaurawa a idon sawu, don in ka fāɗi allon ba zai gudu ya bar ka ba. Ya koya mana kwanciya daidai tsakiya, da tuƙi da hannu ɗaya bayan ɗaya, da yadda za a dafa a miƙe gaba ɗaya, gwiwoyi a lanƙwashe, ido yana duban gaba. Ya ce wanda ya dubi ƙafarsa ya fāɗi. In kuwa an fāɗi, a rufe kai da hannuwa kafin a ɗago, kada allo ya bugi mutum.

Daga nan ya tsai da mu, ya nuna mana wani wuri a ruwan. Ya ce, “Baba, ina ne ya fi kyaun shiga?” Maigida ya nuna wani sarari inda ruwa yake kwance lumui, ba kumfa, ba raƙuma. Malam ya girgiza kai, ya ce nan ne wurin da ya fi kashe baƙi. Ya bayyana mana cewa ruwan da raƙuma suke turowa gaɓa dole ne ya koma, yakan kuwa taru ya fita ta hanya ɗaya kamar rafi, da ƙarfin da ko gwanin iyo ba ya iya tsayayya da shi. Alamarsa ita ce ruwan ya fi duhu, raƙuma ba sa fashewa a wurin, tarkace da rairayi suna tafiya waje. Ya ba mu doka 3. In ya ɗauke ka, kada ka saki allonka. Kada ka yi kokawa da shi kana neman komowa kai tsaye, sai ka tuƙa a gicciye, ka bi tsawon gaɓa har ka fita daga cikinsa, gama ba shi da faɗi sosai. Ka kuma ɗaga hannu a gan ka. Ya sa kowane yaro ya maimaita har sau 3.

Ranar fari mun sha ruwan gishiri har muka ƙoshi. A cikin kumfa muka tsaya, ruwa iyakar ƙugu, malam yana tura allo in raƙumi ya zo. 'Yar autarmu, mai shekara 9, ita ta fara miƙewa, ta zo har bakin rairayi tana ihu. Maigida kuwa sai a rana ta 2 ya tsaya, bai kai ƙidaya 5 ba ya kife, masu gyaran taru suka yi ta tafi suna dariya. Da yamma muka ci dokunu da soyayyen kifi da barkono, kafaɗu suna ciwo kamar mun wuni noma.

A rana ta 4 ne abin ya faru. Babban ɗanmu, mai shekara 15, ya ga ya fara iyawa. Malam yana can yana taimakon ƙannensa, sai yaron ya matsa gefe don ya sami wurin da ba cunkoso. Mu muna zaune a inuwa muna shan ruwan kwakwa. Uwargida ce ta fara lura cewa yana ta tuƙi amma baya yake yi. Kafin mu kai bakin ruwa ya yi nisa, kansa ya zama kamar ƙwallon goruba. Maigida, wanda bai iya iyo ba, ya zabura zai faɗa ruwa, wani dattijon masunci ya riƙe shi gam, ya ce in ya shiga gawa za a fitar. Ba abin da ya rage mana sai kiran sunan Yesu.

Sai muka ga hannu ya ɗagu sama. Muka ga yaron ya juya kan allon, ya fara tuƙi a gicciye. Malam ya riga ya gani, ya bi ta cikin wannan rafi da gangan domin ya fi sauri, ya cim masa, suka kewayo tare ta inda raƙuma suke fashewa, ruwan da kansa ya koro su tudu. Duka bai wuce minti 10 ba, amma a gare mu kamar shekara. Yaron ya fito yana rawar jiki, ya durƙusa ya ce, “Baba, ku gafarce ni. Na so in saki allon in yi iyo, sai na tuna abin da aka sa muka maimaita.”

A daren nan muka karanta labarin Bitrus a Matiyu sura 14, yadda ya taka ruwa, ya tsorata da iska, ya fara nutsewa, ya yi kira, Ubangiji ya miƙa hannu ya kama shi. Mun sha karanta shi, amma ba mu taɓa karantawa da ƙarar teku a kunne ba. Muka gode wa Allah, muka kuma yi wa kanmu tambaya. Da mun tsaya a kan haninmu na fari, yaron nan ya saci jiki ya shiga shi kaɗai, wa zai gaya masa cewa ruwan da ya fi kwanciya shi ne mai ja? Allah ne ya cece shi, amma ta wurin koyarwar da aka yi masa a kan busasshen rairayi.

Ran Lahadi muka yi sujada da 'yan'uwa na ikkilisiyar Metodis, wadda aikinta ya fara a wannan gaɓa a 1835, a Cape Coast. Da Fanti aka yi yawancin waƙoƙin, ba mu ji kalmomin ba, amma mun gane muryoyin wasu. Da la'asar muka taka zuwa Dixcove, muka ga kagarar Metal Cross da Ingilishi suka gina a ƙarshen ƙarni na 17, ɗaya daga cikin kagarun Gana da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1979. Ta irin waɗannan wurare aka fitar da bayi zuwa ƙetare. Muka tsaya muna duban tekun da yaranmu suka yi wasa a ciki, muka gaya musu wannan ma.

Ya ku iyaye, kowace damina muna jin labarin yaran da kududdufi ko rafi ya ci a garuruwanmu. Mukan ce 'yan ruwa ne, mu ƙara tsananta hani. Amma yaro ba ya zama a inda aka ajiye shi. Da muka koma gida muka nemi wanda zai koya wa yaranmu iyo sosai, muka kuma kai maganar gaban taron zumuntar mata da na matasa. Haka yake da sauran haɗuran da ke jiransu a makaranta da birni. Mu zaunar da su tun ƙafarsu tana tudu, mu nuna musu alamun, mu koya musu abin da za su riƙe da Wanda za su kira.