Takarda Ɗaya, Kiɗa Biyu: Abin da Gardamar Babana Ta Koya Mini

Gabatarwa

Ni ɗan Kafanchan ne, a Ƙaramar Hukumar Jama'a ta Jihar Kaduna. Harshen da na sha a nono shi ne Jju, wato harshen Bajju. Hausa kuwa a kasuwa da coci da filin ƙwallo na tsince ta, kamar yadda mafi yawan yaran kudancin Kaduna ke tsintar ta. Kakana aikin jirgin ƙasa ne ya kawo shi garin, domin tun a shekarun 1920 Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo. Mahaifina kuma ya shafe fiye da shekara ashirin yana shugabancin mawaƙan cocinmu. Wata gardama da ta tashi tsakaninsa da magajinsa ita ce ta kai ni ga sauraren wani irin kiɗa da ban taɓa zaton zan saurara ba, kuma ita ce ta sauya yadda nake kallon nazarin waƙar baka. Wannan ne nake son in ba 'yan'uwana ɗalibai labari.

Mafarin Gardama

Da muryar Baba ta fara rauni, sai ya miƙa ragamar mawaƙa ga wani saurayi abokina, wanda ya iya karanta rubutun kiɗa, ya kuma iya taɓa molon Turawa da piyano. A hutun Kirsimeti na dawo gida na tarar ba sa ga-maciji. Dalili kuwa wata waƙa ce guda ɗaya ta cikin Littafin Waƙoƙi, wadda aka saba yi a wajen jana'iza. Baba yakan ja ta a hankali, har sai ka ji tsofaffi suna sauke numfashi tsakanin layi da layi. Abokina kuwa ya ƙara mata sauri, ya sa mata ganga, har matasa suna rausaya.

Baba ya ce an ɓata waƙa. Abokina ya ce, "Baba, ku duba littafin. Ko baƙi ɗaya ban sauya ba." Gaskiya ya faɗa. Kalmomin su ne, do-re-mi ɗin ma su ne. Ni dai na goyi bayan abokina, har na ce wa Baba in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Bai tanka mini ba, amma na ga maganar ta sosa masa rai.

Da daddare abokina ya tura mini kiɗa biyu a waya, ya ce in saurara in gaya masa wanne ne kuskure a cikinsu.

Mene ne Simfoni?

Kafin in ci gaba, ya kamata in yi wa mai karatu ɗan bayani. Simfoni dogon kiɗa ne na Turai wanda galibi babu muryar mawaƙi a cikinsa, kuma yawanci yakan kasu babi huɗu. Makaɗa kusan tamanin ko fiye ne ke yin sa tare: masu goge manya da ƙanana, masu busa sarewa da ƙahonin tagulla, da masu ganguna. Kowannensu yana da takarda a gabansa wadda mai tsara kiɗan ya rubuta. A gabansu kuma akwai mutum ɗaya riƙe da 'yar sanda, ba ya kiɗa ba ya busa, amma shi ke cewa a tashi, a sassauta, a ɗaga, a sauke. Shi ne zan kira madugu, domin shi ne uban tafiyar.

Kiɗan da aka tura mini shi ne simfoni na shida na Tchaikovsky, mutumin Rasha. Shi da kansa ya jagoranci makaɗa suka fara yin sa a birnin Saint Petersburg ranar 28 ga Oktoba, 1893, kuma bayan kwana tara ya rasu. Abin da ya bambanta wannan simfoni da na gabaninsa shi ne yadda ya ƙare. Babi na uku kiɗan fareti ne mai tashe, har masu sauraro sukan ruɗe su tafa suna zaton an gama. Sai babi na huɗu ya zo da makoki, ya yi ta raguwa har manyan goge su yi shiru kamar fitilar da mai ya ƙare mata.

Madugu Biyu

Ɗauka ta farko ta Yevgeny Mravinsky ce da makaɗan Leningrad, wadda kamfanin Deutsche Grammophon ya yi a 1960. Wannan mutumin ya jagoranci waɗannan makaɗa shekara hamsin, daga 1938 zuwa 1988. Ta biyu kuwa ta Leonard Bernstein ce da makaɗan birnin New York na Amurka, a kamfani ɗaya, a 1986, wato shekara huɗu kafin rasuwarsa.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne lissafin lokaci. Mravinsky ya gama simfonin duka a cikin kimanin minti 44, Bernstein kuwa sai da ya kai kusan minti 58. A babin makokin kaɗai, na farko bai cika minti 10 ba, na biyu ya haura minti 17. Takarda ɗaya ce a gabansu, kuma babu wanda ya ƙara ko ya rage wani layi. Mai tsarawa ya rubuta kalmomin Italiyanci a saman babin masu ma'anar "a hankali, cikin makoki". To, amma a hankalin wa? Hankalin tsohuwa mai tafiya gona daban yake da na ɗan acaɓa da ya rage gudu.

Na saurare su sau uku-uku a wannan dare. A hannun Mravinsky, masu goge suna shigowa kamar mutum ɗaya, kaifi-kaifi, babu jan ƙafa. Baƙin cikinsa irin na dattijon da aka yi wa rasuwa ne, yana karɓar gaisuwa a ƙofar gida, ido ya yi ja amma hawaye bai zubo ba. A hannun Bernstein kuwa kowane sauti sai an riƙe shi kamar ba a son rabuwa da shi, shirun da ke tsakanin jimla da jimla ma ya zama wani ɓangare na kiɗan. Nasa kukan cikin ɗaki ne, bayan 'yan gaisuwa sun watse.

A babi na farko akwai wurin da Tchaikovsky ya jera alamar sassauta sauti har sau shida, wato a yi ƙasa-ƙasa iyakar iyawa, sannan nan take makaɗa duka su fashe da ƙara. A ɗaukar Mravinsky wannan fashewa ta sa na zabura na cire abin kunne. A ta Bernstein na ji ta tafe tun daga nesa kamar hadarin Agusta a kan duwatsun Kagoro. Na kasa cewa ga mai kuskure.

Hukuncin Baba

Washegari na kai wa Baba wayar, ina ganin na samo hujjar da za ta kashe bakinsa. Na tabbata zai zaɓi mai jan kiɗa, tunda shi ma ja yake yi. Ya saurari babin makokin na duka biyun, ido a rufe, yana kaɗa yatsa a gwiwa. Da aka gama sai ya ce na farkon ya fi kwanta masa. Na biyun, in ji shi, da mawaƙa aka ba su yi da numfashinsu ya yanke a tsakiyar layi.

Na ce, "To Baba, ashe sauri ba laifi ba ne."

Ya ce, "Ɗana, wa ya ce maka sauri nake ƙi? Waɗannan mutane biyu duk sun san gawa ce a gabansu. Ɗaya ya daure, ɗaya ya fashe da kuka, amma babu wanda ya yi rawa. Abokinka ya karanta do-re-mi, bai karanta kalmomin ba."

Nan jikina ya yi sanyi. Na fahimci cewa madugu yana da fili mai faɗi, amma filin yana da iyaka, kuma ma'anar abin da aka rubuta ita ce shingen. Tazarar minti 14 tana iya shiga cikin shingen, yayin da ganga guda ɗaya za ta iya tsallake shi.

Abin da Takarda Ba Ta Faɗa

Maganar Baba ta tuna mini da ranar da na ji kunya mafi girma a shekarata ta farko a jami'a. Malam ya sa ni karanta wani labari a gaban aji, na zo kan "gari ya waye", sai na ja wasalin farko. Aji ya kwashe da dariya, wani daga baya ya ce ashe garin tuwo ma yana wayewa. Daidaitacciyar Hausa ba ta nuna tsawon wasali, ba ta kuma nuna karin sauti. "Gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya. "Kuka" na hawaye da "kuka" ta miya rubutunsu ɗaya, sai karin sauti ya raba su, na farko sama-sama, ta biyu sama-ƙasa. Wanda ya sha Hausa a nono yana cike wannan giɓi ba tare da ya sani ba. Irinmu kuwa sai mun koya da kunne.

A lokacin na yi fushi, na ce ai kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, Hausar Kafanchan ma Hausa ce. Har gobe ina kan wannan ra'ayi game da lafazinmu da kalmominmu. Amma yanzu na yarda cewa abin da na yi a ranar kuskure ne, domin na sauya ma'ana. Lafazi irin saurin Mravinsky ne ko jan Bernstein. Mayar da birni garin tuwo kuwa irin gangar abokina ce a wajen jana'iza.

Darasi ga Masu Nazarin Waƙar Baka

Akwai abu na biyu da na lura da shi, kuma shi ya fi shafar mu ɗaliban Hausa. Masu sauraren simfoni ba sa tsayawa ga cewa sun ji na shida na Tchaikovsky. Sai sun faɗi madugu, da makaɗa, da shekara, domin sun san kowace ɗauka aiki ce mai zaman kanta.

Mu fa? Mu ɗauki Alhaji Mamman Shata Katsina, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba digirin girmamawa a 1988, ya kuma rasu a 1999. Shata ba ya aiki da takarda. Shi ne mai tsarawa, shi ne madugu, shi ne kuma mai rerawa, duk a lokaci guda. Duk wanda ya saurari Bakandamiyarsa a kaset fiye da ɗaya ya san ba iri ɗaya ba ce. Gindin waƙa yana nan, 'yan amshi suna riƙe da shi, kalangu yana bin hawa da saukar harshe, amma ɗiyan waƙa suna ƙaruwa suna raguwa, suna sauya wuri, gwargwadon zamani da wurin da aka yi ta da mutanen da ke zaune. Idan kiɗan da aka ɗaure da takarda zai iya bambanta haka daga hannu zuwa hannu, ina ga wanda babu takardar da ta ɗaure shi?

Duk da haka, sau nawa muke rubuta jinga ko kundin digiri mu ce "Shata ya ce a Bakandamiya", ba tare da mun faɗi wacce ba? Ni kaina na yi. Na kwafo baitoci daga wata ɗauka da na samu a waya, ban san shekararta ba, ban san ko a gidan rediyo aka yi ta ko a wajen biki ba, na kuma yanke hukunci a kan salon mawaƙin gaba ɗaya. Tun a 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana ta Amurka, kuma littafin Sa'idu Muhammad Gusau, Jagoran Nazarin Waƙar Baka, yana hannun kowannenmu. Hanya a share take. Abin da ya rage mana shi ne mu riƙa ajiye ɗauka biyu ko uku gefe da gefe, mu auna tsawonsu, mu ga ɗan da ya shigo da wanda ya fita, mu ji inda kiɗa ya yi zafi da inda ya lafa, sannan mu tambayi dalili.

Kammalawa

Baba da abokina sun shirya daga baya. An cire ganga daga waƙar jana'iza, amma abokina bai koma jan ta kamar yadda Baba ke yi ba, Baba kuma bai ce sai an koma ba. Ni ma na je na ba shi haƙuri a kan karin maganar da na jefa masa.

Kafin in dawo makaranta na roƙe shi ya rera mini waƙar yadda ya saba yin ta. Ya ce muryarsa ta tafi, na ce a hakan nake so. Muka zauna a gindin mangwaron gidanmu da la'asar, na kunna waya. Ya yi ta a minti shida da 'yan daƙiƙu, ya tsaya sau biyu yana tari. Littafin yana nan a kowane benci na coci, amma yadda Baba ke sauke murya a ƙarshen baiti na uku babu shi a cikinsa. Da ya gama, na rubuta sunansa, da kwanan wata, da sunan garin a jikin ɗaukar, na tura wa ƙannena su ma su ajiye.