Kunne Kafin Alli

Litinin
Na ce a kife alluna, yau babu rubutu. Yaran ajin farko suka zuba mini ido. Muka fara da sunayensu, kowace gaɓa tafi ɗaya: Ha-di-za uku, Sa-ni biyu. Da muka zo kan al-ba-sa sai ajin ya ɗauka gaba ɗaya, don a Dogarawa, ga Galmi nan kusa, ba yaron da bai san ta tun daga gona ba. Si-min-ti ma bai ba su wuya ba, kullum motocin simintin Malbaza na wucewa a gabansu.

Talata
Na shigo da ƙunshin kaya a hannun dama, ƙaya a hagu. Na ce kowa ya rufe ido, in na kira ɗaya ya nuna ɓangaren da yake. Kusan duka suka dace. Amma da na tambaye su inda kalmomin biyu suka bambanta, sai shiru. Aikina ke nan: bakinsu ya daɗe da sanin bambancin, saura hankalinsu ya tsaya a kansa. Na sa su dafa maƙogwaro, suna faɗa a hankali, har wani ya ce ta biyun tana tsinkewa. Muka bi da bata da ɓata, fada da faɗa. Faransanci ba shi da ƙ, ɓ ko ɗ. In da shi kaɗai yaro ya fara karatu, yaushe za a nuna masa waɗannan?

Laraba
Yaranmu "hwara" suke cewa, littafi kuwa ya rubuta "fara". Ban gyara wa kowa baki ba, kuma ba zan yi ba. Na gaya musu sautin da suke fara kalmar da shi, shi ne littafi ke rubutawa da f.

Alhamis
Wani uba ya tare ni a bakin lakwal. "Mushe, yaro ya ce tafi kawai kuke yi. Yaushe za a shiga faransanci?" Damuwarsa gaskiya ce, jarrabawa na gaba. Na ce, "Baba, a makarantar allo da me ya fara?" Ya ce babbaƙu, sannan farfaru. Na ce to hanyar ke nan: baƙi daban, wasali daban, kafin a haɗa, kuma yaro ya fi saurin jin su a harshen da ya sha a nono. Ya ce zai zuba ido.

Tun 1973 Nijar ta fara gwada koyarwa da harsunan ƙasa, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Abin da nake buƙata yanzu littattafai ne da za su ishi aji.

Juma'a
Wasan cirewa: a ɗauke "ta" daga "tasa", me ya rage? "Sa!" Har da masu kukan sa. Wata yarinya dai tun Litinin sai ta ga bakina take amsawa. Na matsa kusa, na ga kunnenta na zubar da ruwa. Na maido ta layin gaba, da yamma na je gidansu na roƙi innarta ta kai ta likita gobe.

Litinin
An buɗe alluna. Na rubuta harafin s, kafin in yi magana suka fara kawo kalmomi: sa, sabulu, Sani. Gobe wasalin a, sai mu haɗa su.