Kawuna Wanda Bai Komo Daga Ci-Rani Ba

Mu mutanen Haɗeja Allah ya yi mana arzikin ruwa. Kowace damina kogi ya kan cika ya malala cikin fadamu, manoma su sami shinkafa, masunta su sami kifi. Cikin masuntan nan har da kawuna, ƙanen mahaifiyata. Dogo ne, mai kunya, ba shi da yawan magana. Ya iya jefa birgi, ya iya ɗinkin koma, bai kuwa taɓa shiga gida da kifi ba sai ya aika wa maƙwabta nasu.

A cikin 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga. Daga nan malalar kogi ta ragu, kifi ya yi ƙaranci. Sai kawu ya shiga ci-rani. In an gama girbi ya hau jirgin ƙasa a Malam Madori zuwa Kano, in ruwa ya sauka ya komo gona. A 1981 ne kaɗai bai komo ba. Ya aiko da turmin atamfa, da saƙon baki cewa ya sami aikin gadi.

To, a shekarar nan Gwamna Abubakar Rimi ya aika wa Sarkin Kano Ado Bayero da takardar tuhuma. Ran Jumma'a, 10 ga watan Yuli, gari ya rikice. Aka ƙone gidan rediyon Kano da waɗansu ofisoshin gwamnati, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba Gwamna shawara kan siyasa, a gidansa. An yi bincike, amma har yau ba a hukunta kowa a kan jininsa ba.

Tun daga ran nan ba wanda ya sāke ganin kawu. Mahaifina ya tafi Kano ya bi asibiti, ya bi gidan kurkuku, ya bi zauren 'yan ci-rani, bai ji ɗuriyarsa ba. Sa'an nan fa baki ya buɗe. Waɗansu suka ce rikicin ne ya rutsa da shi. Waɗansu suka ce ya ga abin da bai kamata ya gani ba, ya gudu. Waɗansu kuwa, Allah ya yafe musu, suka ce da hannunsa a ciki, alhali ba su da shaida ko ɗaya sai dai ranar da ta zo daidai.

Wanda ya mutu a kan yi masa salla, a yi zaman makoki, a raba gado. Wanda ya ɓace kuwa iyalinsa ba su ga tsuntsu, ba su ga tarko. Matarsa ta kai magana gaban alƙali, ya ba ta shekara huɗu ta jira bisa ga mazhabar Maliki, sa'an nan ta yi takaba. Kakata ba ta yarda an sayar da komarsa ba har ta rasu.

Jama'a, zato zunubi ne. Mutumin da ba ya nan ba shi da bakin kāre kansa, 'ya'yansa kuwa suna jin abin da a ke faɗa a kasuwa. In za ku ambaci ɓatacce, ku ambace shi da abin da idonku ya gani. Mu abin da muka gani ga kawu, neman halak ne da ciyar da maƙwabta. Allah ya ji ƙan Dakta Bala, ya bayyana gaskiya, kawu kuma ya kyauta masa duk inda ya ke.