Takardar Likita da Albashin Iyayenmu

Mu 'ya'yan ma'aikata mun san yadda gida ke yin tsit idan zazzaɓi ya kwantar da Baba ko Mama. Ana addu'ar samun sauƙi, ana kuma tunanin ko za a yanke kuɗin kwanakin da ba a je aiki ba.

Amsar tana cikin Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda ta shafi leburori da ƙananan ma'aikatan ofis. Sashe na 16 ya ba ma'aikaci haƙƙin karɓar albashinsa har na kwana 12 na aiki a shekara idan ciwo ya kwantar da shi. Sharaɗin shi ne likita mai rajista ya shaida ciwon. Idan kuma mai aikin ya buƙaci likitan da ya zaɓa ya duba ma'aikacin, sai ya amince.

A nan gizo ke saƙar. A yawancin gidajenmu, in jiki ya yi zafi, kemis ake fara zuwa, alhali shaidar mai kemis ba ta cika wannan sharaɗi. Asibiti kuwa sai da kuɗin mota, kuɗin kati da bin layi tun asuba. Shi ya sa muke ganin iyayenmu suna daurewa su fita aiki da ciwo, kada a taɓa kuɗin cefane.

Sharaɗin yana da dalilinsa. A shekarar 1988 an yi gwaji a ƙasar Suwidin, inda aka bar wasu ma'aikata su yi kwana 14 ba tare da takardar likita ba, maimakon bakwai. Sai aka ga hutun jinyarsu ya ƙara tsawo. Duk da haka akwai sassauci a wasu wurare. A Ingila, kwana bakwai na farko shaidar ma'aikacin kansa ta wadatar, kuma tun 2022 nas-nas da masana harhaɗa magunguna ma suna iya sa hannu a takardar.

Kafin irin wannan sauƙi ya iso mana, akwai abin da za mu iya yi. Idan muka raka Baba asibiti, mu tuna masa ya karɓi takarda kafin ya bar gaban likita, a yi mata hoto a ajiye. Mu ma gobe ma'aikata ne, don haka ranar da aka miƙo mana takardar ɗaukar aiki, mu duba abin da ta ce kan jinya kafin mu sa hannu.