Bargon Kolon da Farantin Zariya

Wata Asabar cikin watan Yuni, kasuwa ta ci a makarantar firamaren da 'yata ke zuwa a nan birnin Kolon na Jamus. Kowane ɗalibi ya zo da bargo ya shimfiɗa a farfajiya, ya baje tsofaffin littattafai da 'yartsana da motocin roba da ya gaji da su. Tun saura mako biyu malamarsu ta mai da darasin lissafi shirin kasuwa. Sun rubuta farashi a 'yan takardu, sun yi ta gwajin ba da canji da kuɗin kwali, aka kuma ce kowa ya taho da tsabar Yuro 5 a gwangwani. 'Yata, da take aji biyu, ta wuni a kan bargonta ta dawo da Yuro 16 da santi 50. Ta zube su a tebur, ta ware biyar gefe guda, ta ce, "Abba, waɗannan naka ne, na canji ne." Ban ce mata komai ba, don hankalina ya riga ya tafi Zariya.

Yayata ba ta wuce shekarun yarinyar nan ba lokacin da Inna ta fara ɗora mata farantin dafaffiyar gyaɗa. Babu takardar farashi, babu gwaji. Inna za ta auna gwangwani-gwangwani, ta faɗa mata abin da ya kamata ta dawo da shi, shi ke nan. An daɗe da sauya kuɗi zuwa Naira, tun 1973, amma tsofaffin unguwarmu da sule da fam suke ciniki, don haka Yaya sai ta juya sule zuwa kwabo goma, fam zuwa Naira biyu, duk a ka, tana tsaye, faranti a bisa gammo. Ta san wanda za ta yi wa gyara da wanda in ta ba shi bashi sai dai a lahira. Ranar da kuɗi suka yi giɓi kuwa, ta san abin da ke jiran ta a gida. Wannan yarinyar ce a makaranta ake kira daƙiƙiya a lissafi, don in aka jera mata lambobi a allo aka ce ta yi aro daga gidan goma, sai ta tsaya tana kallon alli.

Na daɗe ina zaton abin na gidanmu ne kawai, sai na ci karo da wani bincike da aka buga a 1985 kan yara masu sayar da kaya a titunan birnin Recife na Brazil. Masu binciken sun je a matsayin masu saye, yaran suka yi ta ba su lissafi daidai. Da aka ba su lissafin nan dai a takarda, yawancinsu suka rikice. Ashe Yaya tana da 'yan'uwa har a ƙetaren teku.

Abin da Jamusawa suka yi, a ganina, shi ne sun hana lissafin kasuwa da na aji su raba gari. Tun ajin farko kuɗi na cikin manhaja, tare da awo da agogo, kuma abin da yaro ya gani a littafi shi zai riƙe a hannu in an aike shi sayen burodi. Sai kuɗin aljihu, da suke kira Taschengeld, wanda iyaye da yawa ke bayarwa duk mako, a rana sananniya, ko yaro ya yi abin kirki ko bai yi ba. Har dokar ƙasa ta san da zamansa: sashe na 110 na kundin dokokin mu'amala ya ce yaron da ya kai shekara bakwai, in ya sayi abu da kuɗin da aka ba shi don kashewa, cinikin ya tabbata. In ya cinye rabonsa ranar Litinin a alawa, sai ya haɗiyi yawu har mako ya zagayo. Darasin ke nan, kuma iyayen ba sa tausaya masa ko kaɗan.

Akwai kuma ranar tanadi ta duniya, wadda aka ƙirƙiro a wani taron bankunan ajiya a Milan a 1924. A ƙarshen Oktoba yara kan ɗauki asusunsu su kai banki, a ƙirga a gabansu, a zuba a ajiyarsu, a ba su 'yar kyauta. Asusun nasu siffar alade gare shi, abin da ya sa na sha yawo kafin na samo wa 'yata mai siffar gida. Ko robar ruwa a nan darasi ce, don irin wadda ake amfani da ita sau ɗaya in ka mayar shago santi 25 ce, kuma ban san yaron da bai iya ƙirga huɗu-huɗu zuwa Yuro guda ba.

Mu ma ai muna da asusu, na ƙasa ma, wanda sai an fasa. Muna da adashin yara, muna da kuɗin barka da salla, kodayake wannan kowa ya san makomarsa: "Kawo in ajiye maka," daga nan sai labari. Yaron Maraɗi ko Damagaram ya fi kowa shan aiki, don a kasuwa da dala ake magana, sefa 100 ita ce dala ashirin, sefa 500 dala ɗari, wato kullum cikin ninkawa da rabawa da biyar yake. Kayan aikin duk suna nan a hannunmu. Malamin lissafi ne bai taɓa leƙa farantin ba, yana can yana tambayar yara lemo nawa ya rage wa wani mai sunan Turawa.

Ba kuma yabon talla nake ba. Na ga abin da ta ci wa Yaya na karatu, kuma kowa ya san irin idon da ke bin yarinya mai faranti a tasha. A Jamus doka ta hana sa yaro aikin kuɗi kafin ya kai shekara 13, bayan nan ma sai mara nauyi na sa'o'i biyu a rana da yardar iyaye. Shi ya sa kasuwar bargo ta zama wasa: in 'yata ta yi kuskuren canji, babu tukunyar da za ta kwana ba a ɗora ba. Ita Yaya da cefanen gida a kanta take koyo.

Sai dai wasa wasa ne. Na tsaya ina kallon yaran nan, in mai saye ya taya ƙasa da abin da ke takarda, sai su waiga suna neman uwarsu. Babu mai cewa albarka, babu mai jan ciniki har a kai ga sallamawa. A shagunan ƙasar nan farashi a manne yake, na'ura ce ke faɗin canji, don haka yaro zai girma ya iya tsara kasafin wata amma bai iya karanta fuskar mai saye ba.

Da daddare na kira Yaya, wadda yanzu atamfa da leshi take sayarwa daga ɗakinta, ba ta da littafin bashi sai kanta. Na miƙa wa 'yata wayar.

"Gwaggo, na yi kasuwa yau, na ci ribar Yuro sha ɗaya da rabi!"

"Masha Allahu, 'yar albarka. Me da me kika sayar?"

Ta lissafa mata: littattafai shida, 'yartsana biyu, da akwatin wasa guda.

"To, nawa ubanki ya sayo su?"

Yarinya ta juyo ta dube ni. Na yi 'yan ƙirge-ƙirge na ce za su kai Yuro saba'in.

Yaya ta yi dariya har da tari. "Ba ni ubanki. Kai, wace irin makaranta ce wannan da ake koya wa yara karya jari?"