Damuwa da Maganin da Ke Ƙofar Gida



Mu mutanen ƙasar Lautai, daga Gumel zuwa Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, ba mu cika kiran damuwa da sunanta ba. Sai dai mu ce "kaina ya yi zafi" ko "barci ya ƙaurace mini". Amma mun san ta. Lokacin da aka rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023, kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis ta ji a jikinta. Dillalin shanu, mai lodi, mai sayar da fura, kowa ya koma gida da lissafin da bai cika ba. Manomin riɗi da zoɓo kuwa kullum idonsa na sama, don damina a nan gajeriya ce.

Mu masu rubutu muna da ƙarin namu nauyin. Muna bin dare muna buga labari a waya, masu karatu na jiran ci gaba, mu kuma muna korar barci da shayi mai kauri da goro. Sinadarin da ke cikinsu yana daɗewa a jini, rabinsa na nan bayan kamar awa biyar. Shayin bayan isha'i ke nan yake hana mu runtsawa ƙarfe ɗaya na dare. Jikin babba yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 9. Idan ya rasa, fushi ya matso kusa, tunani ya cushe, jimlar da muke nema ta ƙi zuwa.

Abin da ke sauƙaƙa wannan, mafi yawansa iyayenmu sun rayu da shi. Na farko tafiya a ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato kamar rabin awa sau biyar. Fita bayan asuba a bi layin darbejiya kafin rana ta ɗaga ya wadatar, hasken safiya kuma yana saita wa jiki lokacin barci. Na biyu majalisa. Zaman gindin bishiya bayan la'asar ba zaman banza ba ne, nan ake amayar da abin da ke cin rai kafin ya yi tsami. Mata suna samun irin wannan a wurin surfe da kitso da zumunci. Na uku salla cikin natsuwa da zikiri, inda numfashi ke lafawa, bugun zuciya ya daidaita. Na huɗu sana'armu ce: mu ware littafi guda da ba mai karantawa sai mu, mu zuba damuwar a ciki ba tare da gyaran jimla ba.

Sai dai a kula. Ba duk abin da aka kira na gargajiya ne lafiya ba. Gorar jiƙon da ake tallatawa da lasifika ranar kasuwa, ba wanda ya san abin da aka zuba mata. Ƙwaya kuma ba hutu take bayarwa ba, bashi take ci wa jiki. Ba a banza gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018 ba.

Akwai kuma inda tafiya da hira ba sa kaiwa. Idan baƙin ciki ya wuce mako biyu, abinci ya fita a rai, abin da ake so ya daina daɗi, ko tunanin kashe kai ya fara zuwa, wannan ciwo ne irin na hawan jini, ba raunin imani ba. A je babban asibitin Gumel, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure. A haɗa addu'a da magani.

Sauran magana tana kanmu. Sau nawa muke rubuta mai taɓin hankali yana bin bola don a yi dariya? Wata yarinya a Gagarawa tana karanta mu cikin dare, daga labarinmu za ta gane ko abin da take ji abin kunya ne ko abin a kai ta wurin likita. Mu rubuta mata jarumar da ta faɗa wa yayarta, aka saurare ta, ta samu sauƙi.

Allah Ya ba mu lafiya da kwanciyar hankali.