Auren Kotu: Abin da Na Gani a Onitsha

Hausawa na cewa rashin sani ya fi dare duhu. Ban gane zurfin wannan magana ba sai da na je hutu wurin kawuna, wanda ke sayar da albasa da busasshen barkono a Kasuwar Ose Okwodu, bakin Kogin Kwara. Kawu ya shekara ashirin a Onitsha, yana jin Igbo kamar ɗan gari. Nan ya ga wata bazawara mai sayar da manja, suka daidaita. Danginta suka amince, amma da sharaɗi guda: a yi auren kotu, wai don kada wata rana ya tattara ya koma Arewa ya bar ta ba madafa.

Da yake ni ne ɗan boko, sai ya ce: "Ɗana, zo ka raka ni, ka karanta mini takardunsu."

A ofishin rajistar aure aka yi mana bayani dalla-dalla. Dokar aure ta Nijeriya, wadda asalinta ke komawa 1914, ta ce sai an fara cika takardar sanarwa, a liƙa ta kwana 21 don mai ƙorafi ya fito. Dole a ɗaura auren cikin wata 3 daga ranar sanarwa, in ba haka ba a sake sabon lale. Ɗaya daga cikin masu auren sai ya zauna a yankin kwana 15 kafin a ba da izini. Wanda bai kai shekara 21 ba sai da yardar iyaye a rubuce. Ranar aure kuwa, ƙofa a buɗe, da shaidu biyu, tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma.

Duk wannan Kawu yana gyaɗa kai. Sai aka zo wurin rantsuwa cewa ba shi da wata mata. A nan gizo ke saƙa, domin Inna tana gida da 'ya'ya biyar. Auren kotu na mace ɗaya ne tak, kuma wanda ya ɓoye aurensa na farko ya yi shi yana iya shan ɗaurin shekara 5. Saki ma ba na baki ba ne, sai Babbar Kotu ta raba.

Kawu ya dube ni ya ce: "In na ce babu, wa zai sani?" Na sunkuyar da kai na ce: "Kawu, Inna za ta sani, ni ma na sani." Ya yi shiru, ya miƙe muka fito.

Da yamma ya je ya faɗa wa danginta gaskiya. Auren bai yiwu ba, amma har yau matar tana aiko masa da manja, yana rama mata da albasa. Ni kuwa na koma makaranta da darasi: ɗalibin harshe da ke fassara wa jama'a takarda, amana ce ya ɗauka, ko da maganar ba ta yi wa mai ji daɗi ba.